Kawu Makau Ya Tafi Da Taken 'Ya'yanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga watan Agusta, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, Alhaji Makau Dareta, a gidan da yake zaune a Anka tun da rashin tsaro ya taso mu daga ƙauyenmu Dareta. Ya haura shekara tamanin. An yi masa sutura bayan azahar, ana yayyafi. Maza sun ce an cika maƙil, har da waɗanda suka daɗe ba su amsa sallamarsa da sakin fuska ba. Ni Hafsa, 'yar ƙanwarsa, na ce sai na rubuta wannan, domin abin da ke cikina ba zai faɗu a zaman makoki ba, inda kowa ke cewa sai haƙuri ya kaɗe zanensa ya tashi.

Kawu, kai manomi ne ɗan manomi, babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarmu. Kana saurayi ka bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa, ka yada zango a Sudan kana tsinkar auduga. A can ka ga abin kiɗan nan da ake kira akodiyan, akwati mai maɓallai gefe da gefe, tsakiyarsa fata mai naɗewa, a ja a tura ya yi sauti. Sauran alhazai suka dawo da darduma da tasbaha, kai ka dawo da shi rataye a ƙirji. Mutanen Dareta suka ce ai wannan zugazugin maƙera ne aka yi wa haƙora. Sunan da ya bi shi ke nan, zugazugin Makau.

Ba ka taɓa kai shi kasuwa ko gidan biki don a yi maka liƙi ba. A tsakar gida kake buga shi, bayan an ci tuwo, kana ba mu tatsuniya. In kura ta shigo labari sai ka ja shi a hankali ya yi gurnani, mu ruga mu ɓuya a bayan matarka Inna Iyatu, tana yi maka faɗa tana dariya.

Amma abin da ya sa ka zama namu duka shi ne take. Duk jaririn da aka haifa, ranar suna bayan an yanka rago, sai ka shigo ka daɗe kana kallonsa, sannan ka yi masa ɗan kiɗa nasa shi kaɗai. Daga gidanmu abin ya tsallaka maƙwabta, har Fulanin rugagen Gwashi suna kawo jariransu su bar maka ƙwaryar nono. Yaro ya ɓace wurin wasa, ba a neman sa da ihu, takensa kake bugawa ya fito da gudu. Na ɗiyata Zulai a sanyaye yake farawa. Da ta fara tafiya ka ƙara masa wani tsalle a tsakiya, saboda a kan yatsu take takawa.

Sai shekarar 2010 ta zo. Mazanmu suka riƙa kawo duwatsun zinare cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar dalma mai guba da ke cikin duwatsun ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa. Zulai tana da shekara uku ta tafi, ko hotonta ba ni da shi, kuma yawancinmu haka muke. Likitoci suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje, aka zuba sabuwa, masu ɗaukar labari suka ɗauka suka tafi. Kai ka rage mana. Uwa takan shigo ta durƙusa ta ce, "Kawu, buga man taken ɗiyata." Sai ka juya fuska ga bango ka buga, ta yi kukanta ta ƙoshi ta fita. Ban taɓa jin ka ce wa ɗayarmu ta yi haƙuri ba, kuma wallahi wannan ya fi mana duk wa'azin da aka yi mana.

Da wayoyi suka yawaita na roƙe ka ka bari in naɗi na Zulai. Ka ce, "A'a, Hafsa. Taken mamaci ba shi shiga waya. Gobe in ji shi yana kuka cikin aljihun wani a kasuwa?" Na ajiye wayar don kai babba ne. Yau kam ina faɗa maka, ina jin haushin wannan magana taka. Ka kuma nemi wanda za ka koya wa, kowane uba ya ce ɗansa ba maroƙi ba ne, alhali da takenka aka yi renon ɗan nasa.

'Yan shekarun nan wata jita-jita ta shiga tsakanin masu haƙar zinare. Zaiba dai ita ce ruwan nan mai nauyi da ake kama zinare da shi. Aka ce akwai wata ja, jar zaiba, ɓoye a cikin tsofaffin kayan ƙasar waje, keken ɗinki da rediyo da makamantansu, wai ɗigo ɗaya ya isa mutum ya yi arzikin da ba ya ƙarewa. Kekunan ɗinkin mata nawa aka farfasa a Anka saboda wannan shirme! Autanka Abdulbasit, magidanci da gemunsa, ya ji. Wata Juma'a kana masallaci ya ɗauki zugazugin ya kai bayan gida, ya tsaga fatar da wuƙa, ya ɓamɓare 'yan harsunan ƙarfen da ke fitar da sauti, ya zuba su a wuta wai zaibar ta ɗigo. Babu abin da ya ɗigo. Wani mai sayen zaibar da ke jira ya leƙa, ya tada babur ya yi gaba.

Inna Iyatu ta ce da ka dawo ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Mi kak yi, Abdulbasit? Har da taken ɗanka Usama a ciki." Usama yana cikin yaran da dalma ta kashe. Ka tattara guntayen a cikin babbar rigarka. Badukun Gummi ya ɗinke fatar, wani maƙeri a Bukkuyum ya yi ta ƙoƙarin ƙera harsunan, abin ya yi sauti, amma ba wanda muka sani ba. A lokacin ne wasu suka zo yi maka barka, wai Allah ya raba ka da kayan wasa kafin mutuwa. Na ji an ce su ne a sahun gaba ranar jana'izarka.

Daga nan ka koma rera mana da baki, yatsunka suna motsi a ƙirji inda babu komai. Numfashi ya gaza, haƙora sun zube. Zuwana na ƙarshe ka fara na Zulai, kana isa tsakiya tari ya sarƙe ka. Ka ɗaga mini hannu, wato sai wani jiƙon.

Ranar sadakar uku muna zaune a ɗakin Inna Iyatu, ni da Dija da Mansura, mu ukun duk mun binne 'ya'ya a waccan shekara. Dija ta rera wani take ƙasa-ƙasa ta ce na ɗiyarta ne. Mansura ta ce, "Aradu wanga na Mujahid ɗina ne!" Mata biyu masu furfura suka kusa cacar baki a gidan makoki, kowace tana kuka tana cewa nata ne, kuma babu mai raba gardamar. Na gwada nawa a zuci, farkon ya zo, tsallen nan na tsakiya ya ƙi zuwa. Har yau ina nema.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya saka maka da hawayen da ka bari muka zubar a gabanka ba tare da kunya ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Iyatu, da 'ya'ya da jikoki, da duk uwar Dareta da ta sake yin rashi ranar Talatar nan. Abdulbasit ma na yi masa gaisuwa, don mahaifinsa ne ya mutu, amma ban ce na yafe ba.

Allah ya haɗa ka da yaran nan a Aljanna Firdausi. In ka ga Zulai, Kawu, ka gaya mata Innarta ta riƙe farkon takenta, sauran ya kuɓuce mata, kuma ba da son ranta ba.

Hafsa Surajo, Anka.