Ramin da ya buɗe a haɓar mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin farin nan da rumbuna suka ƙare tun kafin bazara, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta. Yunwa ta kai har mata suna tona gidan tururuwa, su kwashe ɗan hatsin da ta tara. Mahaifiyata ma ta tona ɗaya, a bayan tsohuwar maƙabarta. Ta samo abin da bai cika mudu ba, muka sha kunu kwana uku.

Ba a yi sati biyu ba haɓarta ta kumbura. Kumburin ya fashe, ya bar wani ɗan rami kamar an huda da tsinke, kullum yana tsatsar mugunya. Sai ya kame, mu ce alhamdu lillahi, bayan kwana kaɗan ya sake buɗewa. Kuma ba ya mata zafi ko kaɗan.

Yayar mahaifina ce ta fara furtawa. Ta ce, “Kin tona gidan mutanen ɓoye, su ma sun tona naki.” Daga nan mata suka daina aiko aron turmi. Wanzami ya yi ƙaho, an sha rubutu, an yi hayaƙi, rami yana nan.

Ni ɗan boko, a waje ina cewa camfi ne. Wata rana da azahar na shiga ɗakinta na tarar tana barci, ga jerin ƙwari sun fito daga gindin bango, sun hau tabarma, sun bi wuyanta tiryan-tiryan har bakin ramin. Kiyashi ne fa, ba ma tururuwa ba. Amma da baya-baya na fita, na bar takalmina a ƙofa.

Wata huɗu muna haka, har wani abokina da ke aikin jinya a Kano ya zo gaishe ta. Ya dubi wajen, ya ce, “Inna, buɗe baki in gani.” Sai ya nuna mini wani haƙorin gaba na ƙasa da ya yi duhu. Inna ta ce, “Wannan ai ya daina ciwo tun bara.” Ya ce, “Shi ya sa. Mutuwa ya yi.”

Muka shiga mota zuwa birni. Likitan haƙori ya ɗauki hoto, ya nuna mana wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar. Ya ce mugunya ce ta taru a can, ta rasa mafita, ta huda ƙashi ta ɓullo ta haɓa. Ya cire haƙorin. Cikin kwana goma ramin ya rufe, sai ɗan tabo.

Na yi ta ba mutane labarin ina dariya. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, tun ranar kiyashin nan na koma gaishe ta daga bakin ƙofa. Na ɗauka ba ta lura ba. Sai da ta tsufa, wata safiya ina zaune kusa da ita, ta ce, “Na san ka ji tsorona a waccan shekarar.” Na sunkuyar da kai. Ta ce, “Ban riƙe ka ba. Ni ma tsoron kaina nake ji, sai dai ni ba ni da ƙofar da zan tsaya.”

Yau shekara tara da rasuwarta, har yanzu ban san abin da ya kamata in ce mata ba.