Launinsu ɗaya, in ji mai shago

Ina tsaye a gonar Kawu a Kibiya, ruwa har idon sawu. Kwamfuta ta ce famfo ya tsaya, famfon kuwa sai ambaliya yake yi wa albasa.

Ni na haɗa masa ƙaramar kwamfutar da ke kunna famfon. Kowace na'ura tana da adireshinta a memori, ma'ajiyar bayanan kwamfuta, sai ka nuna wa kernel, wato zuciyar manhajar, kafin umarni ya isa. Na saka adireshin da littafin kamfani ya bayar. Ashe allon kwamfutar da aka sayar min jabu ne, adireshinsa daban. Umarnin kunnawa ya dace, na kashewa ya tafi inda babu kowa.

Na cire wayar wutar famfon da hannu, na kira mai shagon da ya sayar min da allon.

"Alhaji, allon nan ba na asali ba ne."

"Haba Injiniya, ai duk ɗaya ne. Launinsu ma ɗaya, duk kore ne."

Kawu kuwa yana ta yanke wa ruwa hanya da fartanya.

Ku da kuke wannan aiki, da wane baki zan gaya masa kore da kore ne suka cinye masa albasa?