Ƙusar da Ke Saman Allon Malama Edna

Duk wanda ya yi aji uku a hannun Malama Edna ba zai manta da abu biyu ba. Na farko muryarta, wadda ake ji tun daga bakin titin unguwar Madaki. Na biyu kuwa wata tsohuwar ƙusa da ke kafe a bango, daidai saman allo, wadda ta yi shekaru ba a rataye komai a jikinta ba, kuma ba wanda ya isa ya cire ta.

Mahaifinta Noah mutumin wajen Kaltungo ne. Leburanci ya kawo shi Gombe, a gidan gurzar auduga, ya kama ɗaki a Kagarawal. Idan an tashi aiki yakan wuce ajin Yaƙi da Jahilci da ake yi a gindin wata tsamiya, Edna kuma ta bi shi, don yarinya ce mai ƙafar yawo. Mai koyarwar wani Bafulatani ne siriri, Malam Yuguda, mai zuwa da allo ɗaure a bayan keke. Wata rana ya lura tana kwaikwayon rubutunsa da tsinke a ƙasa, sai ya karya allinsa biyu ya miƙa mata rabi. Bai tsaya nan ba, sai da ya tasa Noah gaba har makaranta aka rubuta sunanta.

Tana aji uku aka sami 'yancin kai. A gabanta aka sauke hoton Sarauniyar Ingila daga bango, aka bar ƙusar da shatin wurin. Yara suka yi ta tambaya wa za a rataya, aka ce a jira umarni. Umarni bai zo ba har Edna ta gama, ta yi kwalejin horon malamai, ta yi aure, ta dawo makarantar a matsayin malama, ta tarar da ƙusarta tana jiranta.

Ana nan aka shiga shekarun kuɗin mai. Aka buɗe makarantu kyauta, yara suka kwararo har saba'in a aji. A shekarar da aka yi babban bikin al'adun baƙar fata a Legas, hedimasta Malam Iro, Bakatsine mai son tsari, ya tara malamai ya ce su ma za su yi nasu. Kowane malami ya rataya hoton wani shahararren baƙar fata da yake koyi da shi, a gayyato iyaye su gani. Nan da nan kalandu da tsofaffin jaridu suka shiga uku. Wannan ya yanko shugaban ƙasa, wancan ɗan dambe, wata ta samo likita daga ƙetare.

Edna ta ce ita Malam Yuguda za ta rataya.

Malam Iro ya sauke tabarau. "Malama, wane Yuguda? Tsohon nan mai gyaran keke a Kagarawal? Manyan mutane aka ce. Kawo hoton in gani tukuna, in bai dace ba ba zai hau bangona ba."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta haɗiye. Ta sami tsohon a rumfarsa yana liƙe taya. Da ya ji abin da ya kawo ta ya yi dariya har da tari.

"'Yata, ni ko a katin haraji ba a taɓa ɗaukar fuskata ba. An rasa mutane ne?"

"Baba, ai yabon gwani ya zama dole. Gobe kawai ka je wurin George mai hoto, na riga na yi masa magana."

Kuskurenta ɗaya, ba ta raka shi ba. Shi kuwa George, kamar kowane mai hoto na zamanin, yana da kayan aro a shagonsa, don a ganinsa ba a shiga hoto da talauci. Ya zura wa tsohon kwat, ya ɗaura masa agogon da ya shekara biyar bai motsa ba, ya kafa masa baƙin tabarau, ya ɗora masa kan wayar tarho a kunne, ga zanen jirgin sama a bayansa. Shi ma Malam Yuguda, a faɗi gaskiya, abin ya yi masa daɗi.

Da hoto ya fito Malam Iro ya riƙe shi yana jinjina kai. "To, ai ga irin abin da nake nufi! Wannan ɗan wace ƙasa ne?" Da aka ce masa Yuguda ne sai ya ce a rataya haka nan, ba sai an yi dogon bayani ba.

Da wata ce ba Edna ba, da abin nema ya samu ke nan. Edna ta ɗaga hoton a gaban aji ta tambaya ko akwai wanda ya san shi. Yaran da ke wucewa ta gaban rumfarsa kullum suka ce minista ne. Sai ta ji kunya ta rufe ta, don ba kwat ba ne ya karya mata alli.

Washegari ta tasa George gaba da na'urarsa har gindin tsamiyar nan. Ta sa aka zaƙulo tsohon allon daga bayan rumfa aka ɗaure a keke, Malam Yuguda ya tsaya da 'yar sharar da yake aiki da ita. George yana ta mita wai ana zubar masa da mutuncin sana'a. Wannan hoton ta rataya a ƙusar nan da safiyar biki, ba ta nuna wa kowa ba, alhali ta san in Malam Iro ya ce a sauke, a gaban mutane za a sauke.

Iyaye suka zo, suna bi aji-aji suna gyaɗa kai da ladabi a gaban hotunan manya. Da aka iso aji uku Malam Iro ya ɗaga ido, fuskarsa ta ɗaure. Kafin ya buɗe baki wani dattijo mai sayar da hatsi ya ce, "Kai! Malam ne! Ga keken ma!" Sai aji ya kaure. Leburori, teloli, masu shago, ashe rabin iyayen nan a gindin tsamiya suka fara riƙe alli.

Noah ya matso da sandarsa, ya ɗauki alli, ya rubuta sunansa a allo ƙarƙashin hoton, harafi bayan harafi, harshe a waje. Mai hatsi ya karɓa. Aka yi layi. Malam Iro ya tsaya yana kallo, can sai aka ga shi da kansa ya tafi ofis ya ɗebo sabon kwalin alli.

Malam Yuguda yana zaune a bencin baya, yana share ido da gefen riga yana cewa ƙurar alli ce. Duk da haka bai fasa halinsa ba. "Noah, shekara ashirin, har yanzu kana riƙe alli kamar fartanya!"

Allo ya cika, sai ɗan wuri can ƙasa. Tsohon ya taso, ya ɗauki alli guda, ya karya shi biyu ya miƙa wa Edna rabi.

"Ke fa, 'yata? Ko kin zama babba?"

Malama Edna mai muryar da ake ji daga titi ta karɓi rabin allin. Ta durƙusa a gaban yaranta saba'in, ta rubuta sunanta a ƙasan na mahaifinta.