Abin da Maganin Ya Ɗauke wa Zuwaira

Akwai wata ranar Talata a aikin nan da har yau ta ƙi barin raina, ko da yake na daɗe da ajiye aikin tafinta. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya, ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ita zan ba ku.

Lokacin ina tafinta a wani ƙaramin asibitin masu ciwon damuwa a nan Greensboro ta Amurka, wajen tsakiyar shekarun dubu biyu. Ga wanda bai san tsarin ba, likitan ƙwaƙwalwa ne a sama, amma ba kullum ake ganinsa ba. A ƙarƙashinsa akwai babbar nas, wadda doka ta ba ta ikon duba mara lafiya da rubuta magani. Sai jami'ar walwala, mai bin mutane har gida. Mu tafintoci muna can ƙarshe. Dokarmu ita ce duk abin da aka faɗa a ɗaki ki mayar da shi yadda yake, kada ki ƙara, kada ki rage, in kin fita kuma ki bar shi a ɗakin.

Aiki biyu nake yi a lokacin. Da safe ina kula da wata tsohuwa a unguwar Sedgefield, in yi mata wanka, in ba ta abinci, da rana in kamo hanyar asibiti. Sau da yawa kafin in zauna a ɗakin nas ƙafafuna sun riga sun kumbura.

Matar zan kira ta Zuwaira, ba sunanta ba ne. 'Yar Damagaram ce, tana aikin shara da goge-goge a manyan gidajen Irving Park, mijinta Malam Isufu yana gyaran injuna a wata masana'anta. Bayan haihuwarta ta biyu wani baƙin ciki ya danne ta, ba ci, ba barci, har ta fara cewa yaran za su fi jin daɗi in babu ita. Babbar nas ɗinmu, wata Baturiya mai sanyin murya da muke kira Sista Karen, ta ɗora ta kan magani. Cikin 'yan watanni Zuwaira ta dawo mutum, har tana kawo mana ƙuli-ƙuli.

Ranar Talatar nan kuwa da ta shigo ban gane ta ba. Ta rame, idanunta sun faɗa, ɗankwalin ma a karkace. Sista Karen ta tambaye ta ko tana shan magani. Ta ce tana sha. Aka sake tambaya a hankali, sannan ta ce ta daina tun kafin azumi. Aka ce me ya sa? Sai ta juyo gare ni.

"Anti Rahila, zan gaya miki, amma don Allah kada ki gaya wa madam."

Na ce, "Ƙanwata, kin san aikina. Duk abin da ya fito bakinki a ɗakin nan sai na mayar mata. In ba ki shirya ba, ki riƙe abinki."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Can ta ce, "To ki faɗa. Tun da na fara shan maganin nan jikina ya mutu. Maigida ya zo kusa da ni, ina son shi, wallahi ina son shi, amma kamar itace yake taɓawa. Ya yi haƙuri har ya gaji. Yanzu a falo yake kwana. Ya ce in wani abu ya yi mini in faɗa masa."

Na mayar da shi duka. Sista Karen ba ta nuna mamaki ba. Ta ce wannan sanannen abu ne ga irin maganin, yana dusashe sha'awa, yana rage jin taɓi, kuma mutane da yawa saboda shi suke daina sha ba tare da sun faɗa ba. Ta ce laifin ba na Zuwaira ba ne, ba kuma na mijinta ba. Ta jero hanyoyi. Rage maganin yanzu haɗari ne, ganin yadda ta koma. Akwai wani da za a iya canzawa, amma an taɓa gwada mata shi ya hana ta barci. Sai ta ce akwai kuma wata na'ura da take ba matan da ke cikin irin wannan hali shawarar su gwada, ta faɗi sunanta da Turanci, ta kalle ni tana jira.

Na buɗe baki, babu kalma. Ni da na girma a Kafanchan, na yi aure, na haifi huɗu, ban taɓa jin an kira abin nan da Hausa ba. Daga ƙarshe na ce, "Wata na'urar tausa ce mai doguwar mariƙa da kai mai laushi, tana girgiza. Asalinta ta ciwon baya ce. Ta ce ƙarfin girgizar yana taimaka wa jikin mace ya farka inda magani ya sa shi barci."

Zuwaira ta rufe fuska da hannu biyu. "Subhanallahi. Anti, ni fa matar aure ce. Wannan ba haramun ba ne?"

Ni Kirista ce, kuma ko da Musulma ce, ba hurumina ba ne. Na mayar wa Sista Karen tambayar kamar yadda take. Ta ce ita ba malamar addini ba ce, amma abin da take nufi na mata da miji ne tare, kuma in Zuwaira ta yarda ta zo da shi. Abu ɗaya ta roƙa, ta koma kan maganinta a ranar.

Ban zaci zai zo ba. Mako na zagayowa sai ga shi tare da ita cikin kayan aikinsa, hannunsa duk baƙin mai. Ya gaishe ni, ya zauna, idonsa a ƙasa. A gaban namiji, sa'an ƙanena, na sake maimaita duk bayanin nan, ina kallon bango. Da aka kai inda aka ce magani ne ya jawo, ya ɗago kai a karon farko.

"Anti, tambayi madam da kyau. Magani ne? Ba ni ba ne?"

Na tambaya, na mayar masa cewa magani ne. Ya sauke wani dogon numfashi, ya shafa fuskarsa. Ya ce, "Ni na ɗauka ta daina so na ne. Na ce ko ƙasar nan ce ta canza ta." Zuwaira tana gefe tana kuka ba sauti.

Batun addini shi ya rufe shi da kansa. Ya ce tun da Zuwaira ta gaya masa zancen na'urar ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa, abin da aka gaya masa ya ishe shi. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Daga nan sai ya koma bakanike. Mai igiyar wuta ce ko mai batir? Sista Karen ta ce mai igiya ta fi ƙarfi kuma ba ta mutuwa a tsakiya, ga wadda magani ya rage wa jin taɓi kuwa ƙarfin ake bukata. Ta ce su nemi mai matakan ƙarfi, su fara da na ƙasa, in ya yi yawa a sa ƙyalle a tsakani, kan na'urar kuma ya zama wanda ake iya wankewa. In ta ji zafi ko wurin ya ƙara mutuwa, a dakata. Ya tambaya ko tana da ƙara, domin bangon gidansu siriri ne, maƙwabtansu kuma 'yan garinsu ne. Duk na fassara. Ban taɓa gajiya da magana irin ta ranar ba.

Saura saye. Ana samunta a manyan kantunan magani, a layin kayan ciwon baya, amma ko ɗayansu bai iya karanta abin da ke jikin kwali, kuma suna tsoron haɗuwa da idon sani. Tafinta ba ta bin mara lafiya waje da kanta, don haka na kai wa shugabarmu maganar. Ta ce in jami'ar walwala za ta je, in bi ta a matsayin aiki. Jami'ar ta yarda, muka tafi wani kanti can hanyar Summerfield, inda ba ka ganin namu. Malam Isufu ya tsaya a mota da yaran. Na karanta wa Zuwaira kwali uku. Ta ɗaga ɗaya ta ce ta yi nauyi, ta ajiye. Ta ɗauki wata fara mai matakai biyu, ta saka a kwando, ta jibga kunzugun jariri a kanta. A wurin biya yarinyar kantin ko kallonmu ba ta yi ba.

Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba. A zuwanta na gaba ta ce da sauƙi, wata rana a dace, wata rana a'a, amma maigida ya koma ɗaki. Abin da Sista Karen ta fi so ta ji shi ne tana shan maganinta, kuma tana sha. Da jikinta ya yi ƙarfi likita ya rage mata kaɗan, ta ce abin ya ƙara sauƙi. Daga baya Turancinta ya kai, ta ce ba ta bukatar tafinta.

Bayan kamar shekara na gan ta a wani taron suna. Ta yi ƙiba, ta sha lalle, tana raba wa mata shinkafa tana dariya. Muka haɗa ido. Ta kau da kai, ta ba wata farantin ta miƙo mini. Har aka tashi ba ta zo inda nake ba. Na ci shinkafata, na yi wa mai jego barka, na tafi. A mota abin ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ga abin da na ɗauka daga ciki. Mutanenmu suna iya daina maganin da ya ceci ransu saboda abin da ba za su iya furtawa ba, kuma in tafinta ta ji kunya ta tausasa magana ko ta tsallake, babu wanda zai taɓa sanin dalili. Ki nemo kalmar ko da kina jin nauyinta. Sannan kada ki jira godiya. Wanda ya buɗe miki irin wannan ɗaki na rayuwarsa, wani lokaci ganinki ma nauyi ne a gare shi. In kun haɗu a taro ya wuce ki, ki bar shi ya wuce. Lafiyarsa ce ta kai shi taron.