Ranar da Malam Bukar Ya Kira Baffa da Sunansa

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Umaru, wanda mu 'ya'yansa muke kira Baffa. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ko yanzu ma ba zan sa sunana a ƙarshen rubutun nan ba, kuma in kun karanta za ku gane dalili.

Baffa Bafulatani ne, dillalin shanu. Duk ranar kasuwar Sara yake hawa mota daga Birnin Kudu ya tafi. A can yana da aboki, Malam Bukar, Babarbare mai sayar da kanwa da gishirin manda. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya. Tun kafin a haife ni suke yi. Baffa zai tsaya nesa da rumfa ya ɗaga murya: "Ina bawan nan nawa, mai fuska kamar an ja garma?" Malam Bukar ya amsa: "Ga ɗan Fillo mai ƙafar sillen kara! An sha nono an zo ana yi wa ubangida ihu." Daga nan sai a shimfiɗa tabarma, a ci abinci a kwano ɗaya. Da na yi ciwon da aka kwantar da ni ina 'yar aji biyu, Malam Bukar ne ya rufe rumfarsa ya zo ya zauna da Baffa a bakin ɗakin jinya.

Ɗansa Mustafa a gabanmu ya girma. Ya ci tuwon Innarmu ba adadi. Ya tafi karatu Kano, ya dawo hutu, wata rana ya ɗauki Baffa a waya yana wannan wasa. Ya yanke amsar mahaifinsa, ya yanke dariyar, ya bar muryar Baffa kaɗai tana cewa "bawa". Ya saki a shafukan sada zumunta, ya rubuta a ƙasa wai a dubi yadda har yau ake wulaƙanta ƙabilar mutane a kasuwa.

Lokacin ban fi wata biyu da gama sakandare ba. Wayar Baffa ƙarama ce mai madanni, don haka lambata yake bai wa mutane, kuma ita aka yaɗa. Na ji zagin da ban san akwai shi ba. Wani ya turo hoton ƙofar gidanmu ya ce sun san hanya. Har yau in baƙuwar lamba ta kira ni, ba na ɗauka. In na ga an ɗaga waya a wurin biki, sai in ja mayafi in yi shiru.

Shugabannin dillalai suka ce sai ya ba da haƙuri a bidiyo, in ba haka ba kada ya ƙara shiga kara, wato kasuwar shanu. Suka aiko da takarda an rubuta abin da zai faɗa. Baffa bai iya boko ba, ni ce na zauna a bayan mai ɗauka ina karanta masa layi-layi yana maimaitawa. Da muka zo inda aka rubuta "kalaman ƙiyayya", sai ya tsaya ya dube ni ya ce: "Ƙiyayya kuma? Wa na ƙi?" Na ce: "Baffa, ka dai faɗa." Ya faɗa. Wannan kalma tawa ita ce har yau ba ta bar ni ba.

Kada a ce ban san zafin kalma ba. Na yi aji da yarinyar da ake yi wa gorin asali, na ga yadda take haɗiye kuka. Baffa ma ya sani. Akwai makwabcinmu da yake kira Gurgu tun suna yara. Ranar da mutumin ya ja shi gefe ya ce sunan na yi masa ciwo, Baffa bai ƙara faɗa ba har ya bar duniya. Da Malam Bukar ko ɗansa sun ja shi gefe haka, wallahi da ya daina. Ba wanda ya ja shi gefe. Duniya aka kira masa.

Abu ɗaya muke jira: Malam Bukar ya fito ya ce wasa ne, shi ma yana ramawa. Baffa kullum cewa yake: "Ku bari, zai yi magana. Yana neman yadda ba zai tozarta yaron ba ne." Sati ya wuce, wata ya wuce. Baffa ya koma kasuwa, ya tsaya gaban rumfar ya yi sallama kamar baƙo, aka amsa masa kamar baƙo. Daga ranar ya rage fita, ya rage magana. Kafin damina ta zagayo hawan jini ya kwantar da shi. Ajali ne, ban ce wani ya kashe shi ba. Amma na san da abin da ya tafi a ransa.

Ranar sadakar uku Malam Bukar ya zo. A al'ada abokin wasa ba ya zuwa ta'aziyya da ladabi. Tsokana yake zuwa da ita, ya ce bawansa ya gudu bai gama aiki ba, a yi dariya cikin hawaye. Wannan tsokanar Inna take jira daga bayan labule. Sai muka ji ya ce: "Allah ya jiƙan Malam Umaru, mutumin kirki ne." Ban taɓa jin sunan Baffa a bakinsa ba sai ranar. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Ina yawan tunanin me Baffa zai ce da ya ga yau. An ce min a layin kanwa yanzu kowa "Alhaji, barka da kasuwa" yake ce wa kowa. Ba a zagin kowa, ba a kuma cin abinci a kwano ɗaya. Mustafa kuwa ana gayyatarsa taro yana koya wa matasa zaman lafiya.

Makon jiya na yi ƙarfin hali na hau mota zuwa Sara. Malam Bukar ya tsufa, ya rame. Da ya gane ni, hannuna ya fara kallo. Ya ce: "'Yata, kashe wayar tukuna." Na kashe, na ajiye a kan buhu. Ya waiga dama da hagu, ya sunkuyo, ya ce a hankali: "Bawana ya gudu ya bar ni." Hawaye na bin zanen fuskarsa.

Na ce: "Baba, ka faɗa a gaban mutane. Sau ɗaya kawai."

Ya ce: "Mustafa fa? Kin san abin da za su yi masa. Kin gani da idonki."

Na gani. Shi ya sa ban matsa masa ba, kuma shi ya sa ban iya yafewa ba tukuna.

Baffa bai bar gona mai yawa ba, bai bar garke ba. In ka nemi sunansa a waya yau, abu biyu za ka samu: yana cewa "bawa", da yana ba da haƙurin ƙiyayyar da bai yi ba. Shaida ɗaya da zai wanke shi ya yi magana, amma ni kaɗai na ji, kuma ba ni da abin nunawa. Sai wannan takarda. Na rubuta, ban san wa zai kira ni gobe ba. Ya Allah, Kai da Ka ji amsar da aka yanke, Ka jiƙan Baffa.