Kwarashi a Hannun Malam Maiwada

Duk wanda ya san Malam Maiwada na Maska ya san shi da abu biyu: ɗaure fuska da manyan hannuwa. Shekara ashirin da huɗu ya yi a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua, kullum ya dawo gida da ɓurɓushin auduga a gemu. Da aiki ya ja baya aka sallame su, sai ya koma gonar gado, masara da waken suya, kuma ba wanda ya taɓa jin ƙorafinsa. Ba ya zaman majalisa, ba ya doguwar gaisuwa. Mu da muka tashi a layinsu, ko faɗa muke yi, in muka hango shi sai mu dakata ya wuce.

Matarsa Inna Hansai ita ce fara'ar gidan. Allah bai ba su haihuwa ba, amma da wuya a yi suna a unguwarmu ba ka ga jariri sanye da safa da hular saƙarta ba. Tumaƙasa, jakar duwatsun ado, shimfiɗar ƙyallaye, duk ita ce. Mata su kai mata ulu da la'asar, a zauna a sha hira, bayan kwana uku a zo a karɓa. Ni Ladidi, 'ya'yana biyar, dukansu da saƙarta aka fito da su ranar suna.

To, ni na jawo abin, da wannan rawar kan nawa. Bara da damina ƙungiyarmu ta matan Islamiyya ta shirya koyar da sana'ar hannu, aka ce a kawo sunan gwanar da za ta koya wa mata arba'in saƙa. Ban tambaye ta ba, ban shawarci kowa ba, na miƙe na ce Inna Hansai. Aka rubuta, aka sanar a aji-aji. Ni a ganina karrama ta na yi.

Washegari da hantsi na nufi gidan in yi mata albishir. Lokacin noman fari ne, kowa ya san ba namiji mai lafiya a gari da hantsi, don haka mu mata sallama ɗaya muke yi muna tafe, ba ma jiran amsa. Haka na yi. Ina ɗaga labulen ɗaki na ƙame a wurin.

Malam Maiwada ne zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, dunƙulen ulu ruwan hoda a cikin kwano, kwarashi a hannunsa. Waɗannan yatsun masu kaushi ne ke murza zare, ga rabin safar jariri tana lilo. Inna Hansai na gefensa tana ƙirga masa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Abin da ya kuɓuce mini ke nan, kamar wadda ta ga gawa.

Inna ce ta ce, "Shigo, Ladidi, tunda kin gani. Saki labulen."

Ta fito da hannuwanta daga cikin hijabi. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun sun karkace, ko cokali ba za su riƙe da kyau ba. Sai a lokacin na tuna na daɗe rabona da ganin hannunta a fili.

"Shekara uku ke nan," in ji ta. "Sanyin ƙashi. An je asibiti, an sha na Hausa, abin sai gaba yake yi. Ranar da kwarashi ya faɗi na kasa ɗauka, na yi kuka har na gode wa Allah. Ke kin san ba ni da kowa sai ku. In saƙar ta tsaya, wa zai ƙara leƙo ni? Malam ne ya ɗauka ya ce in nuna masa."

Shekara uku! Autata Aisha Humaira shekararta biyu. Ashe safar da na yi ta nuna wa dangin mijina na Dandume ina taƙama, mutumin da nake tsoron gaisarwa ne ya saƙa ta. Ga gonarsa da ake ta surutun ciyawa ta cinye, ana cewa tsufa ya kama shi, ashe a ɗakin nan hantsinsa ke ƙarewa.

Sai na tuna abin da ya kawo ni. Na faɗa musu ina in-ina.

"Kin kashe ni, Ladidi," Inna ta ce, hawaye na zuba. "Mata arba'in su zuba mini ido, in ce musu me?"

Na ce zan je in ce ba ta da lafiya. Ta ce ai sai su taso dubiya gaba ɗaya, su ga hannun. A nan ne Malam ya yi magana, karo na farko.

"Yaushe ne?"

"Asabar, Baba."

"Je ki."

Kwana huɗun nan abinci bai yi mini daɗi ba. Ni da aka sani ba na riƙe magana, ko mijina ban gaya wa ba.

Ranar Asabar aji ya cika maƙil. Malam ya kawo Inna a babur, na ɗauka zai juya. Sai ya kafe babur, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama ya shigo. Mata suka ruɗe, masu gyara mayafi na yi, masu shayarwa na juya baya. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta, ya zaro kwarashi daga aljihun gaba, inda maza ke soka biro. Salati ya tashi ta ko'ina. Shugabarmu Hajiya Amatullah ta saki baki, ta manta jawabin da ta shirya.

Inna Hansai ta ɗaga hannuwanta biyu sama, ta bari kowa ya gani. Sannan ta fara: "Ku naɗa zaren a yatsa. Malam, ɗaga su gani. Sarƙa shida." Tana faɗa yana yi. Da ya tsallake ido ɗaya, ta ce a gaban kowa, "Warware, ka yi kuskure." Mutumin da ko mai unguwa ba ya ɗaga wa murya ya warware, ya sake. Muka dubi juna.

Can wata yarinya mai jego, Najiba, ta kwance goyonta, ta ɗago ƙafar jaririn da 'yar safa shuɗiya.

"Baba, ke nan wannan kai ka saƙa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na ga kafaɗunta sun sauka, na san wannan ce tambayar da take tsoro tun shekara uku. Malam ya dubi safar, ya dubi matarsa.

"Ita ta saƙa," in ji shi. "Ni ko yanzu in ta yi shiru, ban san inda zan soka ba."

Ya mayar da kai kan zarensa. "Hansai, ke nake jira. Sarƙa nawa?"

Ta share ido da bayan hannu, ta ɗago kai ta dubi ajin.

"Huɗu," ta ce. "Ku ma ku yi huɗu."