Layin da Yaya ya goge

Har yau in na ga allon lokutan salla na lantarki a masallaci, raina ɓaci yake yi. Irinsa muke haɗawa ni da yayana, ɗan wan babana, a wani ɗan shago a unguwar Zogona. Shagon nasa ne, ni kuma ba ni da wani wurin aiki sai nan.

Yaya ya rubuta lissafin lokutan salla da harshen kwamfuta na C++ tun ina firamare, bisa tsohuwar ƙa'idar harshen, ƙa'idar da muke ce wa norm. Ni na rubuta sashen da ke kunna fitilun allon, bisa sabuwa. Kompilatar, wato manhajar da ke mayar da rubutunmu abin da na'ura ke ganewa, sai an faɗa mata ƙa'idar da za ta bi. In ta bi sabuwa ta ƙi wasu kalmomin Yaya da aka soke, in ta bi tsohuwa ta ƙi nawa.

A gidanmu na Zongo ƙane ba ya gyara aikin wansa. Saboda haka ban taɓa masa ko harafi ba. Na shiga fayil ɗin da ke tsara haɗa manhajar na ƙara layi guda: a karanta na Yaya da tsohuwar ƙa'ida, nawa da sabuwa. Komai ya tafi sumul. Ni a wautata ladabi na yi.

Ana gobe za mu kai allo wani masallaci a unguwar Dassasgho Yaya ya ga layin.

"Wannan fa? Ka ware ni ke nan?"

"Yaya, norm ɗin ne ba ɗaya ba."

"Tire ɗaya muke cin tuwo a gida, a ordinatar ne za ka zuba mini nawa daban kamar mai ciwo? Sa pa, ba za ta yiwu ba, wallahi."

Ya goge layin a gabana, ya rufe ordinatar ɗin, wato kwamfutar, ko gwadawa bai yi ba. Mutum ne da bai iya komai ba kamar girman kai.

Washegari kompilatar ta cika fuskar kwamfuta da jan rubutu, allo bai haɗu ba. Dattawan masallacin suka gaji da jira, suka biyo mu har shago. Yaya ya nuna ni da baki, ya ce yaran yanzu ne da karambani. Duk kurakuran a fayil ɗinsa suke, ina kallonsu, amma ba a ƙaryata babba a gaban baƙi. Da la'asar ya karɓi makullin shagon daga hannuna.

Bayan sallar layya na leƙa ma'ajiyar aikin ta intanet, don ya manta bai cire ni ba. Layina ya dawo, harafi da harafi, da sunansa a kai.

Tun ranar nake ɗiban tuwona a kwano in koma bakin zaure. Ya aiko a tambaye ni dalili. Na ce a gaya masa norm ɗin ne ba ɗaya ba.